Hannun Malam Alli

Ɗalibai ne suka laƙaba masa Malam Alli, don kullum gaban rigarsa fari fat yake da garin alli. Ɗan tela ne. Ya tashi yana kallon yadda shimfiɗaɗɗen ƙyalle ke komawa hannun riga, kuma abin da ya bi ke nan har furfura: lissafin siffofi, yadda za a miƙar da abu ko a lanƙwasa shi ba tare da an yaga ba, a ga me ya canza, me ya tsaya yadda yake. Matarsa kan ce, "Mutumin da ya rantse kofin shayi da zobe abu guda ne, ai sai addu'a."

To, ga inda gizo ke saƙar. Malam ba da ka yake tunani ba, da hannu yake yi. Sai alli ya fara tafiya a kan allo, sannan ƙwaƙwalwa ta biyo baya. Haka ya yi digirorinsa, haka ya yaye ɗalibai, haka kuma ya kusa kammala babban aikinsa a kan ƙulle-ƙullen igiya, wanda ya ci masa rabin rayuwa. Mataki ɗaya ya rage.

Sai hannun ya fara rawa. Da fari shayi ya ɗora wa laifi. Daga baya ya koma cusa hannun a aljihu, yana tura ɗalibai allo, wai horar da su yake yi. Wa za a yi wa wayo? Likita bai ɓoye masa ba: magani zai rage, amma ba zai hana ba. Tsoro ya kama shi ƙwarai, ya zama mafaɗaci, abin da ba halinsa ba ne. Ya gwada hannun hagu, ya gwada kwamfuta, duk a banza.

Wata rana autarsa, wadda ke koyar da lissafi a sakandare, ta same shi a ofis ya zura wa allo ido.

"Baba, faɗa mini in zana maka ƙullin igiyar."

Yana faɗa, tana ja. "Bi ta ƙarƙashi. A'a, ta sama. Yauwa, zagayo." Ta cika allon tsaf, ko kuskure ɗaya babu. Ta juyo da murmushi tana kakkaɓe hannu.

"Daga nan sai ina, Baba?"

Ya daɗe yana duban zanen.

"Daidai kika yi, Auta," ya ce a hankali. "Amma ban san inda zanen za shi ba. Hannun ne ya sani."