Rigar da Yaya Ta Ɗinka wa Kwamfuta

Yayata mai ɗinkin labule ce da rigunan kujeru. Duk abin da ya shigo gidanta sai ta ɗauko awo ta yi masa riga: rediyo, fanka, har tukunyar gas ba ta tsira ba. Mukan yi mata tsiya mu ce kada mutum ya daɗe zaune a falonta, yana miƙewa zai tarar an ɗinka masa murfi. Da can dariya take yi. Tun da mijinta ya rasu ta daina, don ita ƙura ta wuce abin wasa a wurinta.

Kafinta ne shi, kuma haka kowa ke kiransa, har ita. A cikin ƙurar katako ya yi ƙuruciyarsa ya tsufa, kullum yana dawowa gida gira da gemu sun yi fari fat. Da tari ya kama shi ya ƙi saki, likita ya ce ƙurar katako ce ta cinye masa huhu, a nisanta shi da ƙura. Wannan magana ɗaya Yaya ta riƙe da hannu biyu. Ta rufe tagar ɗakinsa, ta cusa tsumma a duk wata kafa, ta rataya labule mai kauri. In tarin ya ƙaru, sai ta ce ai akwai inda ƙura ke bi, ta ƙara wani labulen a kan na farko. A ɗakin nan ya cika.

Abin da ya rage mata nasa mai motsi da murya guda ɗaya ne. Autarsu ta taɓa ɗaukarsa da waya yana zaune a bakin gado, yana tsokanar uwarta yana dariya, ta zuba a tsohuwar kwamfutar da ya saya mata lokacin tana makaranta. Wayar ta faɗa ruwa, Auta ta yi aure ta tafi nesa, hoton ya rage a cikin akwatin kwamfutar nan kaɗai. Kullum bayan ta sauka daga kan keken ɗinki, Yaya takan wanke hannu ta kunna, ta zauna ta ji muryar mijinta.

To, me kuke tsammani za ta yi wa akwatin? Riga ta ɗinka masa, riga ta gani ta faɗa! Yadin kujera mai kauri, ciki ta shimfiɗa soso, ƙarƙashin soso leda. Ta bar ƴar kafa ta wayoyi da ta maɓallin kunnawa, sauran ko allura ba za ta shiga ba. Ko tana kallo ba ta cirewa. Na ce mata, "Yaya, wannan ai sai ka ce jariri a lokacin sanyi." Ta harare ni ta ce, "Ke kin san abin da ƙura take yi?" Na kuwa sani.

Ranar da abin ya fara, ita ta kira ni. Na bar tukunya a wuta na zo. Na tarar da ita tsaye nesa da teburin, ta dafe ƙirji.

"Saurara," in ji ta.

Akwatin yana wani irin gurnani, ya ja sama da ƙyar, ya sauko, ya sake ja. Wallahi na san wannan sautin. Haka ƙirjin Kafinta yake yi a ƙarshe-ƙarshe. Muna tsaye allon ya ɗauke ɗif, a tsakiyar dariyarsa.

"Ta shiga," Yaya ta ce a hankali. "Duk abin da na yi, sai da ta shiga."

Na ce mu kai wa mai gyara. Ta ƙi. Wai a ɗauki akwatin a bi titi da shi, motoci na tayar da ƙasa? Maimakon haka ta kwance rigar ta ƙara mata soso, ta liƙe bakin wayoyin da salatif. Gurnanin ya ƙaru. Da can takan kalli hoton har ƙarshe, yanzu kafin ya kai rabi ya mutu. Ta rame, ta daina karɓar aiki, yadin mutane ya taru a kusurwa. Tana tsoron ta kunna ya mutu a gabanta, tana tsoron ta bar shi a kashe ya ƙi tashi. Ni ma tsoro nake ji, ba na akwatin ba, na abin da zai same ta in muryar nan ta tafi.

Wata rana da hantsi ina wurin ta danna maɓallin, sai ƙauri ya tashi, irin na leda in ta taɓa wuta. Allon bai ko ƙifta ba. Ban tsaya neman izininta ba, na sungumi akwatin da rigarsa. Ta biyo ni da mayafi a hannu tana cewa in rufe shi, in rufe shi don Allah.

Shagon mai gyara ɗan ƙarami ne a ƙarƙashin wani bene, wayoyi ko'ina, ƙura kuwa a kan kanta har mutum ya yi rubutu da yatsa. Yaya ta kalli wurin kamar an kawo ta mahauta. Mutumin ya sha fama kafin ya tuɓe rigar, ya kwance murfin, ya haska ciki da tocila.

"Mama, tun da nake aikin nan ban ga mai tsabta irin wannan ba. Ko ɗigon ƙura babu."

Yaya ta ce, "To me ya kashe shi?"

"Zafi." Ya nuna mata wasu ƙananan huji a baya da gefe. "Ta nan yake shaƙar iska, ta nan yake fitarwa. Wannan ƙarar da kika ji, fankarsa ce take neman iska ba ta samu ba. Ƙura kaɗan ai sai a hure ta, ba komai. Amma in aka toshe shi, numfashi aka hana shi."

Na ga fuskar Yaya ta canza, na kuwa gane inda hankalinta ya tafi. Na so in toshe wa mutumin nan baki, amma mene ne laifinsa? Bai san komai ba.

Ya zaro wani ɗan ƙarfe mai girman sabulu ya ce a nan komai yake ajiye, in zafin bai kai gare shi ba. Ya haɗa shi da tasa kwamfutar. Muka tsaya muna jira, Yaya ta riƙe min hannu har farcenta ya shiga fatata. Ni addu'a kawai nake yi, ban ma san me nake cewa ba.

Sai ga Kafinta a allo, a bakin gado, labule a bayansa kan labule. Ya yi dariyarsa, ya yi tari, sannan ya faɗi maganar da Yaya ta ji ba adadi, wadda kullum take sa ta murmushi: "Ke dai da tsoron ƙura! Haba, ɗan buɗe min tagar nan in sha iska mana."

Yaya ba ta yi murmushi ba. Na zaunar da ita a kan benci.

A hanya na yi mata faɗa sosai. Na ce huhun Kafinta ya riga ya ƙare tun kafin ki rataya labule ko ɗaya, likita ya faɗa a gabana, kuma kwanansa ne ya ƙare. Gaskiya na faɗa, har yanzu a kanta nake.

Muna isa gida ta wuce ɗakinsa kai tsaye. Ta sauke labulen ɗaya bayan ɗaya, ta zare tsummokaran. Tagar ta cije, sai da muka haɗa hannu muka tura. Haske ya shigo, ƙura na yawo a cikinsa tana sauka a kan gadon. Hannunta ya kai ga tsumma don sabo, amma ba ta goge ba. Ta juya ta kalli gadon da babu kowa a kai.

"Ga shi na buɗe," in ji ta.