Ranar da Na Kira Sunan Dodo a Lasifika

Laifin nawa ne, ba na kowa ba. Ina faɗa muku ne ku da kuka shigo aikin nan bayanmu.

Gab da sojoji su miƙa mulki ga farar hula, ina ƙaramin akawu a ofishin al'adu a Jos. Aka shirya babban bikin titi: kowace ƙabila ta zo da makaɗanta da 'yan rawa, a bi titi a jere har fili. Aikina tsara layi ne. Kowace ƙungiya tana da lamba, in maƙala wa jagoranta a ƙirji, in sanar da ita ta lasifika, sannan ta wuce.

Da hantsi wata ƙungiya ta iso daga wani ƙauye a kudancin gari. A gabanta dodo ne, an rufe shi da ciyawa daga kai har idon sawu. Na matsa da lambar, sai idona ya kai kan ƙafarsa ta hagu, babu babban yatsa. Na san ƙafar nan. Baba Pam ne, masinjan ofishinmu, wanda dutse ya guntule wa yatsa a ramin kuza. Murna ta kama ni, ga lasifika a bakina, na ce, "A'a, Baba Pam, ashe kai ne a ciki? Sannu da ƙoƙari."

Kiɗa ya tsaya cak. Matan suka juya baya, wasu suka toshe kunnuwan 'ya'yansu. Dodon bai motsa ba. Wani tsoho ya tako gabana ya ce a hankali, "Malam, babu mutum a ciki. Kakanmu ne ya zo." Suka kewaye dodon, suka fita daga layin, ba su yi rawar ba.

Daga baya Oga, shugaban ofishinmu, ya yi mini bayani. A wurinsu ba a ambatar wanda ya sa kayan dodo, ko matarsa ba ta furtawa. Wanda aka kira sunansa a bainar jama'a ba zai ƙara sa su ba har ya mutu. Baba Pam kuwa daga mahaifinsa ya gada. Oga ya ce, "Malam Sani, ba ka karya dokar ofis ba, don haka ba ni da takardar da zan ba ka. Amma ka san abin da ka yi."

Ran Litinin Baba Pam ya kawo mini fayil, ya gaishe ni kamar kullum. Wata uku ina kauce masa, ina ce wa kaina ai gaisuwa ce kawai na yi. Ashe mu da ke tsara bikin mutane mun san lambarsu, ba mu san abin da suka ɗauko daga gida ba.

Wata Asabar na hau keke har ƙauyensu. Na same shi tare da dattawa, na cire takalmi na durƙusa. Na ce, "Baba, na raba ka da gadon mahaifinka da bakina, kuma ba zan iya mayar maka ba. Ban sani ba, amma kuma ban tambaya ba. Ka yafe mini."