Bafaransar da Ta Kwance Min Harshe

Bana shekara arba'in da biyar ke nan da rasuwar Madam Odil, Bafaransar da ta zauna a Jidda lokacin da mijinta ke aikin injiniya a tashar jiragen ruwa. Mai tsara kiɗa ce, tana kuma koya wa 'ya'yan Turawa fiyano a falonta, tagogi a rufe, don a wancan zamanin ba abu ne da ake yi a fili ba.

Ba kiɗa ya haɗa mu ba. Danshin teku ne ya kumbura mata katakon fiyano har sautinsa ya daina tashi sosai, sai aka yi mata kwatancen Innata a unguwar Hindawiyya, mai sayar da turaren wuta. Inna ta riƙa kai mata kasko da garwashi ana ajiyewa kusa da shi ya sha ɗumi. Ni kuma ina biye da ita, yarinya mai i'ina, wadda ko sunanta ba ta iya faɗa sai ta yi gumi. An sa ni makarantar 'yan mata da aka buɗe, amma kullum da kuka nake dawowa. Baba ya ce, "Halas, shi ke nan, in an gama wannan zangon ta zauna gida. Ba zan kai 'yata a riƙa yi mata dariya ba." Tausayi ne, na sani, amma ni makarantar nake so kamar raina.

Madam ce ta lura cewa idan ina rera waƙar dakan Inna, harshena ba ya sarƙewa. Mace ce mai faɗa, ba ta san lallashi ba. Ta zaunar da ni, ta ɗora "sunana Kaltume" a kan wani ɗan sauti da ta tsara nan take, ta ce da gurɓataccen Larabcinta, "Yalla, maza, kada ki faɗa, rera!" Daga sunana muka koma karatun aji, jimla bayan jimla. A hankali ta riƙa rage waƙar, har ya zama saura bugun yatsa kawai a cinyata, ƙarƙashin abaya. Ranar da na karanta wa Baba shafi guda ban tsaya ba, tashi ya yi ya fita waje. Inna ta ce kuka ya je yi.

Yau ga jikokina a unguwar Safa ta Jidda suna zuwa koyon kiɗa ido na ganin ido. Da tana nan, na san sai ta ce yaran gaggawa ta yi musu yawa, ta yi ta mita, alhali daɗi ya cika ta.

An ce ta bar kaɗe-kaɗe da dama a ƙasarsu. Ban taɓa jin ko ɗaya ba, ban kuma san ko sun yi suna ba. Ina kewarta, ina kuma yi mata shaidar abin da na gani. Na koyar a makaranta har na yi ritaya, 'yan mata masu i'ina sun bi ta ajina, kuma babu ɗaya da ta koma gida a hannuna.