Fuskar ɗana a cikin akwatin ƙarfe

Shekarun baya, a zamanin soja, bayan an yanka mana jiha, Malam mijina ya yi ritaya daga aikin buga takardu a Gumel. Ni ban yi karatu ba. Jikata ce ke rubuta muku wannan, in kuka ya tare ni sai ta jira.

Ɗa guda Allah ya ba mu, uban wannan yarinya, ya rasu a haɗarin mota a hanyar Maigatari. Hotonsa ɗaya tak muke da shi, gara kuma ta fara cin gefensa. Maƙwabcinmu, wani malamin makaranta Kirista mutumin Jos, ya sayar wa Malam tsohuwar kwamfuta don ya riƙa buga wa mutane takardu. Maƙwabcin ne ya kai hoton Kano aka ɗauko kamarsa, ya zuba a cikin injin. Da damina ta zagayo, gara ta ƙarasa na takardar.

Ranar da aka fara nuna mini, sai da na yi salati. Fuska ce kore da shuɗi, dabbare-dabbare, ko hanci ban gane ba.

Na ce, "Wannan ba ɗana ba ne, ku kashe."

Maƙwabcin ya ce, "Mama, hoton lafiya lau yake. Katin da ke fito da hoto ne tsoho, injin bai san shi ba tukuna."

Ya kwance akwatin ƙarfen da ke ƙasan tebur, ya nuna mana wani falle mai kama da cikin rediyo. Ya ce aiki biyu ne. Na farko, da an kunna sai a yi wuf a danna wani maɓalli, allo ya yi shuɗi, a gaya wa injin ya fara duba wannan katin. Na biyu, sai an samo wani ɗan faifai da ake kira direba, mai koya wa injin yadda zai yi aiki da katin. Ni da na ji direba har na tambaya ko a gidanmu zai sauka, don in ƙara tuwo. Sun daɗe suna yi mini dariya.

Malam kullum maɓallin nan sai ya wuce shi. Maƙwabcin ya riƙa cewa, "Baba, shekarunka nawa kana buga takardar gwamnati? Danna mana, ba lallashinsa za ka yi ba!" Ga kuma wani ɗan batir kamar kwabo a ciki da ya mutu, da an ɗauke wuta injin ya manta duk abin da aka saita masa. Malam ya ce, "Tsoho ne irina, kullum sai an tuna masa."

Faifan farko da aka kawo daga Kano ba na katin ba ne, allo ya yi baƙi ƙirin. Na biyu ne ya karɓa. Ina tankaɗe Malam ya kira ni. Na shigo da gari a hannu, sai ga ɗana, da ɗan tabon goshinsa, da hularsa a karkace. Daga ranar, kowace Juma'a in akwai wuta, Malam yakan shiga shuɗin allon ya saita, mu zauna mu dube shi.

Sai Malam ya rasu. Da aka zo rabon gado, maƙwabcin ya tafi hutu garinsu. Ƙanen Malam, mai fatauci a kasuwar Maigatari, shi ya tsaya a kan komai. Na ce masa ban damu da me za a sa a tumunina ba, a bar mini hoton ɗana kawai.

Ya ce, "Haba matar Yaya, wa zai hana ki? A ina kike ganinsa, ba a talabijin ɗin kwamfutar ba? Ɗauki abinki. Wannan ƙarfen na ƙasa tarkace ne, ni zan rage miki shi."

Har godiya na yi masa. Na lulluɓe talabijin da sabon zane.

Da maƙwabcin ya dawo ya zo gaisuwa, na roƙe shi ya kunna mini. Ya leƙa ƙasan tebur, ya daɗe bai ɗago ba.

"Mama, ina akwatin?"

Na gaya masa. Ya zauna a ƙasa, ya ce, "Wannan gilashi ne kawai, kamar taga. Hoton yana cikin akwatin. Kuma ƙanen Baba ya sani, Mama. Shi da bakinsa ya taɓa tambayata, na nuna masa."

Maƙwabcin ya bi sawu har Maigatari. An riga an sayar wa fataken Damagaram, sun tsallaka da shi.

Mutane sun ce in yafe, wai zumunci ya fi hoto. Da baki na ce na yafe, zuciyata ba ta bi ba. Ni dai na gane cewa wanda ya san ba ka sani ba, ba ya buƙatar ƙarfi kafin ya ƙwace maka abu. Yarinyar nan tana goye ubanta ya rasu. Ɗazu kafin mu fara ta ce, "Kaka, da wa ya yi kama?" Na rufe ido na neme shi, na daɗe ina nema. Na ce mata ta duba madubi. Ban da tabbacin gaskiya na gaya mata.