Sai-Rani, Kafintan Unguwar Baƙar Laka

Babanmu kafinta ne, kuma a duk aikin katako ƙofa ya fi ƙwarewa a kai. Garin da aka haife shi a kan tudu yake, ƙasarsa ja ce mai tsakuwa, irin wadda in an yi ruwa da safe kafin azahar ta tsane. Can ya koyi sana'a wajen ƙanen mahaifinsa, can ya auri Innarmu, can aka haife ni. Yakan ce ƙofar da ya kafa a garin nan tun yana saurayi, har yau da yatsa ɗaya ake tura ta.

Ina da shekara bakwai muka tashi. Birni ya cika ya fara malalowa cikin gonaki, aka yanka filaye a wani shimfiɗaɗɗen wuri a bayan gari. Baba ya ce inda ake sabbin gidaje nan ake neman ƙofofi. Ya sami ɗan fili, ya gina ɗaki biyu da rumfar aiki a gaba, muka tare.

Wurin ba tudu ba gangare, ido ya yi ta tafiya har ya gaji. Sai ka taka da ƙafa za ka ji ba a miƙe yake sosai ba, nan ya ɗan tasa, can ya ɗan lotsa, kamar tsohuwar katifa. Ƙasar baƙa ce wuluk, babu tsakuwa ko ɗaya a cikinta. Da rani muka zo, ta bushe ta yi tauri kamar bulo, ta kuma dare ko'ina. Wata tsagar tafin hannu yana shiga. Ranar da muka tare Inna ta yar da ludayi a tsakar gida, ya zurma cikin tsaga, ta zura hannu har kafaɗa ba ta taɓo shi ba.

"Malam, anya ba kan bakin wani abu ka gina mana gida ba?" in ji ta.

Baba ya yi dariya, ya ce shi katako ya sani, ƙasa kuwa ta magina ce.

Aiki ya zo masa yadda ya zata. Kafin ruwan fari ya kafa ƙofofi a gidaje fiye da ashirin, har da gidan maƙwabcinmu mai gasa burodi, wanda muke kira Kawu. Kawu mutum ne mai ƙiba da barkwanci, muryarsa tana riga shi isa wuri. Ya sa Baba ya yi masa babbar ƙofa mai ƙyaure biyu a ɗakin gashi, ya yi ta nuna wa masu sayen burodi yadda take rufuwa ba ƙara.

Sai damina ta sauka. Ruwan farko ƙasa ta shanye shi ta cikin tsagogin nan, kamar ana zubawa a rariya. A na uku tsagogin suka haɗe, ka rantse ba a taɓa yin su ba. Daga nan ruwa ya daina shiga, ya kwanta a kai kwana da kwanaki, don babu gangaren da zai bi. Ƙasar ta zama laka mai danƙo. In ka yi taku goma, kowane takalmi ya ɗauko nauyinsa sau uku. Masu keke suna saɓa kekunansu a kafaɗa.

A tsakiyar wannan ne Kawu ya zo da sassafe, garin fulawa har gira.

"Kafinta, zo ka ga aikinka. Ta taga na fito, ni da wannan tumbin."

Ƙofar ta cije a sama, ta ƙi motsi. Baba ya duba ya ce katako ne ya sha danshi ya kumbura, abu ne da aka saba. Ya cire ƙyauren, ya fere inda ya cije, ya mayar. Kafin mako ya zagayo gidaje goma sun aiko. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ferewa. Wata ƙofar sau uku ya koma mata.

Da ruwa ya ɗauke, rana ta buɗe, ƙasa ta sake darewa, sai abin ya juye. Duk inda ya fere ya zama giɓi. Sakata ta daina samun raminta. A ɗakin gashin Kawu giɓin ya isa kyanwa ta wuce, kuma ta wuce, ita da ɓerayen da take bi. Wannan karon Kawu bai zo da wasa ba. A bakin rumfa ya tsaya, mutane na ji, ya ce shi bai taɓa ganin ƙofar da ke matse mutum da damina ta kuma gayyato ɓera da rani ba, in ɗanyen katako aka yi masa aiki da shi a faɗa masa gaskiya.

Maganar ɗanyen katakon ce ta fi yi wa Baba ciwo, don shi mutum ne da ke ajiye katako wata shida a inuwa kafin ya sa masa zarto. Magana ta zaga unguwa. Masu sabbin gidaje suka koma wajen mai walda suna yin ƙofar ƙarfe. Kusan shekara guda Baba ba ya yin komai sai kujerun tsuguno da gyaran ƙafar tebur. Ya rage magana, ya rage cin abinci. Har ya fara zancen mu koma garinsu.

Inna ce ta hana. Ita ba ta da lokacin fushi da ƙasar, don ta shuka kuɓewa da tumatir a bayan ɗaki, sun yi irin kyan da ba ta taɓa gani ba. Damina ta biyu, wata rana ta dawo daga barkar haihuwa, ta ajiye takalmanta masu laka a bakin rumfa ta ce:

"Malam, ƙarfe yana shan danshi ya kumbura?"

"Wane irin ƙarfe kuma?"

"Ƙofar gidan mai jego ta walda ce. Da ƙafa mijinta yake dukanta kafin ta buɗe. Kuma dubi sandar shanyata. A miƙe ka kafa ta, yanzu tana yi wa ɗaki sallama."

Baba ya fita ya tsaya yana kallon sandar. Daga ita ya kalli turakun wutar lantarki na kan layi. Babu biyu da suka karkata gefe ɗaya. Ya daɗe a tsaye cikin yayyafi.

Washegari ya ɗaura ƙaramin ƙarfe a zare, ya rataya a ƙusa daga saman ƙofar ɗakinmu, ya yi alama da fensir inda zaren ya tsaya. Duk farkon wata sai ya sake yin alama ya rubuta watan. Ya kuma ɗebo lakar ya cika gwangwanin madara da ita, ya shafe bakin, ya ajiye a kan rufin rumfa. Da rani ya yi, ya tona rami a bayan gida. Kwana huɗu yana sara da diga, hannunsa ya yi kanta a kan kanta. Ramin ya shanye tsayinsa ƙasar tana nan baƙa. A ciki ya tarar da ɓangarori manya masu fuska sumul, a karkace, suna sheƙi kamar an shafa musu mai. Ya ɗauko ɗaya ya kawo wa Inna.

"Kin gani? Gogayya ce ta yi wannan. Haka katako yake yi in ya daɗe yana gugar ɗan'uwansa. Ƙasar nan motsi take yi a ƙarƙashinmu."

Shekara ta zagayo, alamomin fensir suka nuna abin da yake zato. Da damina ƙasar da ke kewaye da gida tana shan ruwa ta kumbura, ta ɗaga bangon waje, alhali ta ƙarƙashin tsakiyar ɗaki ba ta jiƙe ba, tana nan inda take. Sai ramin ƙofa ya murɗe. Da rani ta waje ta bushe ta tsuke, bango ya sauka, ramin ya murɗe ta ɗaya gefen. Tafiya da dawowar ta kai faɗin babban yatsa.

Ya ɗauki gwangwanin ya tafi wajen Kawu. Lakar da ya cika shi da ita ta ƙanƙance ta saki gefe, in an girgiza tana ƙwal-ƙwal a ciki. Ya ce Kawu ya zuba mata ruwa ya bar ta zuwa gobe. Da safe ta cika gwangwanin har ta yi tozo.

Kawu ya juya gwangwanin a hannu, ya sake juyawa.

"To ai wannan kwaɓin burodi ne," in ji shi. "Shekara uku ina zaune a kan kwaɓi ban sani ba, ni da nake sana'arsa." Ya ajiye gwangwanin. "Na ci mutuncinka a gaban jama'a, kafinta. A gaban jama'a zan gyara."

Ya kuwa gyara. Duk wanda ya zo sayen burodi a watan nan sai ya ga gwangwanin kafin ya karɓi burodinsa.

Baba ya sauya yadda yake aiki. Ya daina yin ƙyaure cif da raminsa. Yakan bar sarari sama da ƙasa, ya rufe sararin da siririn katako da aka ɗaure da sukuru, wanda mai gida zai iya kwancewa da damina ya mayar da rani. Ramin sakata ya riƙa yin sa dogo, don duk inda ta sauka ta samu shiga. In aka kira shi ƙofa ta cije cikin ruwa, sai ya sassauta nan ya ɗaga can, amma ferewa ya daina.

"A bar ta sai rani," yake cewa. "In rani ya yi ba ta saki ba, ni zan zo da kaina."

Ya yi ta faɗin wannan magana har ta zama sunansa. Yara da manya, har Inna in tana son tsokanarsa, Sai-Rani suke ce masa. Wata rana wani ya aiko neman auren ƙanwata, Kawu yana zaune, ya riga kowa amsawa: "Ku koma, ai kun san amsar gidan nan."

Daga ƙofa abin ya wuce zuwa gini. Wanda zai sa harsashi yakan biyo ta rumfarmu tukuna. Baba yakan ce shi ba magini ba ne, amma ga abin da idonsa ya gani: a zurfafa rami a zuba yashi da tsakuwa kafin siminti, a yi daɓe mai faɗi kewaye da gida, kada indararo ya zuba a gindin bango, kada a dasa babbar bishiya kusa da ɗaki don da rani takan tsotse danshin gefe ɗaya. Waɗanda suka ji, bangonsu ya yi sauƙin tsagewa. Waɗanda ba su ji ba, sukan dawo bayan shekara biyu suna sunkuyar da kai, shi kuma ba ya tuna musu.

Na riga na yi aure lokacin da aka zo gina ƙaramin asibiti a unguwar. Injiniyar da ke kula da aikin, wata mace mai fara'a, ta ji labarinsa wajen leburori ta zo har gida. Baba ya rikice, ya sa Inna ta goge kujera sau biyu. Ya nuna mata alamomin fensir, na shekara goma sha tara, an cika gefen ƙofa an koma bango. Ta durƙusa tana karantawa tana ɗaukar hoto. Ta ce irin wannan ƙasa tana nan a wurare da yawa a duniya, kusan kullum a shimfiɗaɗɗen fili mai zafi inda ake ruwa wata kaɗan sannan a yi dogon rani, kuma ko'ina haka take wahalar da magina ta kuma ciyar da manoma.

"Baba, gwajin da muka yi na mako biyu ne," in ji ta. "Naka ya fi namu tsawo. Wace shekara ce ta fi motsi?"

Ya sa yatsa a kan wata alama, ya ce shekarar da ruwa ya yi jinkiri sannan ya zo gaba ɗaya. Suka yi awa biyu suna magana. Da za ta tafi ta ce shi zai kafa ƙofofin asibitin, guda goma sha huɗu. Bayan ta fita ya zauna a kan benci yana shafa gwiwa, ya ce wa Inna, "Kin ji ta? Ta ce gwaji na yi."

Yanzu ya haura saba'in. Ido ya rage, zarto ya fi ƙarfin kafaɗarsa, amma ya karɓe lambun Inna ya faɗaɗa shi. Ya ce ƙasar nan tana da kwana uku ko huɗu bayan ruwa da take yarda a taɓa ta, ba ta danƙo ba ta tauri, tana marmashewa a hannu, kuma wanda ya san kwanakin nan ba ya wahala da ita. Wata biyu bayan ɗaukewar ruwa wakensa yana nan kore, don tana riƙe danshi a ciki.

Bara ni da maigidana muka gama namu ginin a ɗaya gefen birni, inda ƙasa yashi ce zalla. Na shuka tumatir ya ƙi, ruwa yana wucewa kamar ban zuba ba. Na faɗa wa Baba a waya. Ranar Asabar sai ga shi a motar haya, shi da Inna da buhu uku na baƙar ƙasa. Ya tsuguna ya damƙi yashin tsakar gidana, ya buɗe hannu ya zube.

"Ƙasarki ba ta riƙewa, tawa ba ta saki," in ji shi. "Kawo fartanya mu haɗa su."

Muka wuni muna cakuɗawa, Inna tana daga inuwa tana gyara mana. Bana na ɗebi tumatir kwando biyu, na aika musu da ɗaya.