Takardar da na sa wa hannu

A tashar Garwa kowa ya san ni da Faransanci. Shekara uku na yi a lakwal, makarantar boko, amma na iya ɗaga haɓa in ce wi, wato eh, kuma alƙalami ba ya barin aljihun rigata ko da ba tawada a ciki. Ƙanena direban babbar mota ne, yana ɗaukar kaya zuwa Ngawundere. Shi bai iya yaren kowa ba sai Hausa da Fulatanci da zagin kwandasta.

A tasha ba a buɗe saƙo. Wanda ya ba ka kwali ya ce kai wa wane, amana ya ba ka, leƙawa ciki rashin kunya ne. Wata safiya wani mutum mai tsabtataccen takalmi ya kira ni Mushe, wato Malam da Faransanci, ya ce kwalinsa busasshen kifi ne za a kai wa surukarsa. Ban san shi ba. Amma ya ce Mushe, sai na karɓa, na kai wa ƙanena na ce nawa ne, don kada ya tsaya tambaya.

A hanya jandarmomi suka buɗe. Kifi layi ɗaya ne a sama, ƙasa duk ƙwayar tramol.

Ƙanena ya ce yayansa ne ya ba shi, sai aka kira ni. Aka tambaye ni ko a nemo tafinta. Ni, a gaban mutane? Na ce ba na buƙata. Saboda tsoro kuwa, na ce ban taɓa ganin kwalin ba. Suka buga takarda shafi biyu da Faransanci, na bi ta da ido ina gyaɗa kai, na zana sa hannuna mai jela. Ranar shari'a na tafi Tibati gaisar da wani da lafiyarsa ƙalau. Da takardar nan aka ɗaure ƙanena shekara biyar.

Matarsa ce ta samo lauya ta ɗaukaka ƙara. Lauyar Kirista ce daga ƙauyukan kan dutse, Hausarta ta kasuwa, ba ta san kewaye-kewaye ba. Ta zo har gida ta zauna a tabarmata.

"Baba, takardarka kaɗai ta ɗaure shi, kai kuma ba ka zo kotu an yi maka tambaya ba. Zan ce bai kamata a karɓe ta ba. Ka san abin da ke ciki?"

"Ai ni na sa hannu."

"Ban tambaye ka hannu ba. Karanta mini."

Na ce na bar tabarau a masallaci. Ta cire nata ta miƙo mini.

Da ta fassara, ashe takardar ta ce na san ƙanena da wannan sana'a tun da daɗewa. Ban tuna na faɗi haka ba, amma wi nawa na yi a ofishin nan, Allah kaɗai ya sani. Ta ce in na faɗi gaskiya a kotu, ni ma ana iya riƙe ni. Sati biyu ina juya maganar. Abin kunya, ba kurkuku na fi tsoro ba, 'yan tasha na fi tsoro.

Ranar zama kuwa sun zo, har mai shayi ya rufe tebur. Ƙanena na zaune gefe, wuyansa ya zama siriri. Babban alƙali ya sa aka miƙo mini takardar, ya ce in karanta layin farko. Na gane sunana, na gane Garwa. Na tsaya nan.

"Ranka ya daɗe, a kira tafinta," na ce da Hausa.

Wani a baya ya ce, "Mushe ya faɗi jarrabawa." Aka yi dariya har sai da alƙali ya buga tebur. Ta bakin tafinta na faɗi komai, da mai takalmi, da kwali, da ƙaryar da na yi. Lauyan gwamnati ya tambaya me ya sa sai yanzu. Na ce da can ni matsoraci ne, yanzu ma haka, sai dai na gaji.

Kotu ta cire takardar daga cikin shaidu, abin da ya rage bai isa ɗaure mutum ba. Aka sake shi bayan ya yi shekara ɗaya da rabi a ciki. Ni aka ba ni wata shida saboda shaidar zur, ban ce an zalunce ni ba.

Motar ta riga ta koma hannun wani direba, bai sake samun irinta ba. Yau facin taya yake yi a bakin titi. Sau ɗaya ya zo duba ni a kurkuku, da tuwo a kwano. Na fara jera ban haƙurin da na shirya, ya tare ni.

"Yaya, ci kafin ya huce. Kwanon na matata ne, da shi zan koma."