Ni Na Buga wa Bulus Tambarin

Ba zan faɗi sunana ba. Waɗanda suka san ni a Garuwa sun san ni, waɗanda ba su san ni ba kuma ba su yi asarar komai ba. Da ku nake, samarin da kuka fara naɗa bandeji a hannu kuna ɗaukar kanku a waya kuna cije baki. Ku ajiye wayar ku karanta wannan.

A unguwar Jambutu ta nan Garuwa aka haife ni. Kakana daga Kano ya zo da fataucin goro, babana kuma yana da rumfar atamfa a babbar kasuwa. Ban taɓa kwana da yunwa ba, don haka kada wani ya tausaya mini ya ce talauci ne ya ja ni. Rumfar ce kawai ta gundure ni. Ina da shekara goma sha tara na fara zuwa wurin Metir Hamadu (Metir muke ce wa mai koyarwa), wani tsohon ɗan kokawa da ya koyo faɗan keji a kudu, wanda ake kira MMA, inda ake haɗa naushi da shuri da kokawa a wasa ɗaya. Ran da babana ya ga kunnena ya kumbura ya ce, “Mutane suna biyan kuɗi a gyara musu fuska, kai kana kai taka a ɓata.” Na yi dariya na wuce, ina ganin tsufa ne ke damunsa.

’Yan kallo minti goma sha biyar ɗin cikin keji kawai suke gani, sauran shekarar tamu ce mu kaɗai. Ana idar da sallar asuba mu kama gudu har gadar Binuwai mu dawo. Da hantsi kokawar ƙasa, da la’asar naushi da shuri, duk a cikin wani tsohon sito na auduga mai rufin kwano, inda zafin Garuwa yake dafa mutum da ransa. Abinci kuwa dafaffen ƙwai ne da gasasshen kifi, ana shan fura a gabanka kana haɗiyar yawu. Mafi muni shi ne rage nauyi. Kafin kowane wasa sai an hau sikeli, kowa da nauyin da ba zai wuce ba. Kwanakin ƙarshe sai ka daina shan ruwa, ka sa leda a ƙarƙashin rigar sanyi ka yi gudu cikin rana, kana tofa yawu a gora. Kanka zai yi ciwo, jiri zai ɗebe ka, ka riƙa jin haushin kowa. Mun saba da wannan har muka daina kiransa ciwo.

A nan na haɗu da Bulus. Ɗan duwatsun wajen Mokolo ne, Kirista, yana dakon buhuna a kasuwa da safe sannan ya zo atisaye. Nauyinmu ɗaya, don haka kullum mu ake haɗawa. Yana ce mini Alhaji saboda rumfar babana, ni kuma ina ce masa Fasto saboda ba ya fashin coci. Shekara biyar muna dukan juna muna cin abinci a kwano ɗaya. Ya fi ni iya faɗa nesa ba kusa ba, yau zan iya faɗa ba tare da jin zafi ba. Yana da mata, Rifkatu, da ’ya ɗaya mai rarrafe.

Doka ce ba ka shiga keji sai da takardar likita, wadda muke kira sartifika. A duba jininka, a duba idonka, a tabbatar kanka lafiya lau. Idan kuma an taɓa sumar da kai, sai ka huta makonni kafin a sake yarda ka karɓi duka. Mu dai a wurinmu ɓata lokaci ne, layin asibiti da zuwa gobe ka dawo.

Wata rana ina da wasa a Yawunde, mota za ta tashi washegari, na duba na ga wa’adin takardata ya wuce. Na je shagon fotokofi, na shafe kwanan watan da farin ruwan gogewa, na rubuta sabo, aka sake bugawa. Duk hanya gabana yana faɗuwa. Da muka isa, mai shirya wasan ya karɓe ta yana waya da ɗaya hannun, ya jefa ta cikin jaka ko kallo bai yi mata ba. A ranar na gane ba wanda ya damu da kanmu, takardar kawai suke so don su kare nasu wuyan.

Na dawo ina ba da labari ina alfahari. Wannan ya ce in yi masa, wancan ma ya ce in yi masa. Da abin ya yi yawa sai na je wurin wani mai sassaƙa tambarin roba, na ƙirƙiri likita sukutum, na raɗa masa suna, na sa masa lambar wani tsohon layina. Likitana bai taɓa cewa a’a ba. Mai ciwon ido ya wuce, mai karayar haƙarƙari ya wuce, wanda aka sumar makon jiya ma ya wuce. Har daga Marwa da Ngaundare ake aiko mini da sunaye, ana haɗowa da na goro. Na sayi moto, wato babur, na sayi turare, na fara ganin kaina mai taimakon ’yan’uwa. Tir da wannan taimako.

Sai Bulus ya samu babban wasa a Duwala, irin wanda ake cewa manyan baƙi za su zo kallo su ɗauki gwani zuwa waje. Saura kwana goma muna atisaye, ya sunkuya zai kama ƙafata, ni kuma na ɗaga gwiwa. Ta same shi a gefen kai. Ya zube kamar buhun da aka saki daga kafaɗa, ƙafarsa ɗaya tana rawa. A sitonmu akwai al’ada, abin da ya faru a atisaye ba ya fita ƙofa. Aka kwara masa ruwa, ya buɗe ido, Metir ya ce, “Sa va, sa va, ba komai, namiji ne, ku ɗaga shi.” Muka yi ta tsokanarsa wai Fasto ya je gaida mala’iku ya dawo.

Bulus mutum ne mai bin ƙa’ida, shi bai taɓa neman takardata ba. Ya je asibiti na gaskiya. Likitar ta haska masa ido da tocila, ta yi masa tambayoyi, ta ce ba za ta sa hannu ba, sai an ɗauki hoton kansa, kuma ya manta da maganar wasa. Daga can ya zarce gidanmu, ya same ni a zaure ina wanke safar hannu.

Ya ce, “Alhaji, likitanka yana nan?”

Na ce, “Me waccan ta ce?”

Ya ce, “Tsoro ne irin nasu. Mon firer, ɗan’uwana, shekara nawa ina jiran wannan? In ya wuce ni, buhu zan ci gaba da ɗauka har in mutu.”

Na ce, “Kan fa?”

Ya ce, “Rage nauyi ne. Kai ba ka yin ciwon kai in kana ragewa?”

Ina yi, kuma da wannan na rufe bakin zuciyata. Amma wallahi na gani. Na ga yadda yake runtse ido in haske ya same shi. A zaman nan sau biyu ya tambaye ni ranar da motar za ta tashi, na ba shi amsa sau biyu. Duk da haka na shiga ɗaki na ɗauko tambarin, na hura masa iska, na danna a kan sunansa. Ban karɓi ko sisi ba, har ina jin daɗin kaina wai na yi zumunci. Ya rungume ni ya ce, “Useko, na gode, Alhaji, Allah ya bar mu tare.”

Ni na raka shi. Mota zuwa Ngaundare, jirgin ƙasa zuwa Yawunde, sannan wata motar zuwa Duwala. Sau uku ya yi amai a hanya, muka ce girgizar jirgi ce. Da muka isa ya haura nauyinsa da kaɗan. Ku ji abin da na yi, ni da nake kiran kaina abokinsa. Mutumin da kansa ya bugu, da hannuna na sa masa leda, na hana shi ruwa, na tsaya a kansa ina ihu ya ƙara gudu. Ya hau sikeli ya cika daidai, muka tafa.

Wasan bai kai minti biyu ba. Abokin karawarsa ya kai masa wani naushi da ko ƙanwata za ta iya shanyewa. Bulus ya tsaya cak, ya waiwayo kusurwarmu kamar mai neman wani abu da ya manta, sannan ya faɗi. Jama’a suka ɗauki sowa, wayoyi suka tashi sama. Ina ihu a kawo likita, su suna ɗaukar hoto suna dariya. Har yau in na tuna fuskokin nan jinina tafasa yake yi, amma su aƙalla ba su san abin da na sani ba.

Jini ne ya taru a kansa. Aka yi masa aiki, ya yi makonni bai san inda yake ba. Mai shirya wasan, wanda bai taɓa karanta takarda ko ɗaya ba, nan da nan ya iya karatu. Ya miƙa wa ’yan sanda sartifikar, suka nemi likitan suka rasa, suka bi lambar wayar ta kai su kaina. A cikin safar dambe suka samu tambarin. Metir ya rantse bai san an taɓa sumar da Bulus ba. Waɗanda na yi wa takardu, ko ɗaya bai taka kotu ba. Babana ya zo sau ɗaya, ya tsaya daga baya, da aka yanke mini shekara uku ya gyara hularsa ya fita.

Ba zan ɓata muku lokaci da labarin gidan kaso ba. Zafi ne da kwarkwata da wake mai tsakuwa. Shekarar farko na yi ta ne ina zagin mutane, in zagi Metir, in zagi mai shirya wasa, in zagi likitar da ba ta ɗaure Bulus a gado ba. Wani dattijo da muke ɗaki ɗaya ya gaji da ni, ya ce, “Kai, duk mun ji. To wa ya riƙe maka hannu ka buga tambarin?” Na tashi zan mare shi aka rirriƙe ni. Sai daga baya na yarda gaskiya ya faɗa, ni kaɗai na buga. Daga nan na koma sallah da gaske, na roƙi Allah gafara, kuma har yanzu ina roƙo.

Da na fito na yi sati biyu ina kewaya unguwar su Bulus kafin na iya yin sallama. Rifkatu tana suyar ƙosai a ƙofar gida, da shi take riƙe da su yanzu. Ta dube ni sama da ƙasa, ta nuna mini ciki da matsamin hannunta.

Bulus yana zaune a kan kujerar roba a inuwar darbejiya. Mutumin da yake ɗaga ni sama ya maka da ƙasa ya rame, hannun damansa a lanƙwashe a kan cinya, bakinsa ya karkace. Ya daɗe yana kallona, sai fuskarsa ta washe.

Ya ce, “Al…haji.” Kalmomin suna fita da ƙyar. “Takardar… ka kawo? Mota… yaushe?”

Na juya na kalli Rifkatu, ta biyo ni ta tsaya a bakin ƙofa. Ta ce, “Haka yake tambayar duk wanda ya shigo. Shi a wurinsa wasan bai zo ba tukuna. Mu mun gaji da yi masa ƙarya. Kai ka san amsar, ba shi.”

Na durƙusa a gabansa, na riƙe hannun mai lafiyar. Na ce, “Ban kawo ba, Fasto. Likita ta ce a’a. Ni ma na ce a’a.”

Ya fizge hannunsa. Ya yi ta ƙoƙarin zagina kalmar ta ƙi fita, hawaye suna zuba, daga ƙarshe ya juya mini ƙeya. Na zauna a ƙasa ina kuka kamar yaro. Wannan fushin nasa shi ne abin da na guda a zauren gidanmu. Da na yarda ya yi shi a ranar, da sati ɗaya zai yi ba ya gaishe ni, sannan ya huce ya ɗauki ’yarsa da hannu biyu.

Yanzu ina rumfar babana ina auna yadi. Ban ce ku bar wasan ba, ban isa ba, kuma ni ma ina sonsa har gobe. Amma in an sumar da ɗayanku a atisaye, ku fitar da maganar waje, duk wanda ya ce a rufe maƙiyinku ne ko da shi ya koya muku tsayuwa. Kada ku kira kowane ciwon kai rage nauyi. In likita ya ce a’a, ku koma gida ku ji haushinku ku ƙoshi. Kuma kada wanda ya ƙara tare ni a kasuwa yana raɗa mini wai ko likitana yana nan, don wallahi an yi, har mutum biyu, kuma na uku sai na tara masa jama’a.

In abokinka ya zo da idonsa jawur yana roƙonka irin wannan alfarma, ka hana shi, ka bar shi ya zage ka da bakinsa mai lafiya. Ni duk Lahadi in sun taso daga coci nake zuwa gidan Bulus. Duk zuwa sai ya tambaye ni takardar, duk zuwa sai na ce masa a’a, kuma duk zuwa sabo yake jin zafin.